Kullen Korona da Makaɗan Kano: Ina Tallafin Ya Tsaya?

Da ƙarfe goma na daren Alhamis, 16 ga Afrilu, 2020, dokar kulle ta fara aiki a Kano. A lissafin watan Musulunci muna cikin kwanakin ƙarshe na Sha'aban, kuma duk wanda ya san Kano ya san abin da waɗannan kwanaki suke nufi. Kowane uba yana gaggawar kai 'yarsa ɗakinta kafin a ga watan azumi. Daga Zawaciki zuwa Panshekara, daga Gaida zuwa Ja'en da Sheka, da wuya ka ratsa layi uku ba ka tarar da rumfa da kujerun roba ba, ga lasifika jingine da bango, ga yara sun yi cirko-cirko suna jiran a kunna janareta. A wannan shekara ba a kafa rumfunan ba. An ci gaba da ɗaura aure, mutum biyar ko shida a zaure, a kai amarya da dare ba guɗa ba kiɗa. Angwaye da yawa sun ji daɗin sauƙin, ban kuma ga laifinsu ba. Amma kowane biki da aka taƙaita, akwai tukwanen da ba a ɗora ba a gidajen da ango bai ma san da su ba.

Kwana bakwai aka ce da farko. Sai ga Shugaba Muhammadu Buhari a ranar 27 ga Afrilu ya sa wa Kano kulle na mako biyu, daga baya aka ƙara. A farkon Mayu gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ware Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, don mutane su fita cefane. Ba a ɗage dokar gaba ɗaya ba sai farkon Yuli. Ina so in faɗi tun yanzu cewa ba na cikin masu cewa kullen banza ne. Mun ga yadda aka yi ta kai manyan gari makwanci a watan Afrilun nan, malamai da 'yan boko da dattawan unguwa. Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana daga baya cewa an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kuma ana kyautata zaton rabinsu ko fiye suna da nasaba da cutar. Gwamnatin da ta ga haka ta hana cunkoso ta yi abin da ya dace. Tambayata ita ce: wanda sana'arsa ba ta yiwuwa sai da taro, da aka hana taro don amfanin kowa, wa ya ɗauke masa asarar?

Kafin a amsa, sai an san wa ake nufi. In aka ce mawaƙi a Kano, hankali yakan tafi wajen fitattu, masu sitidiyo a titin Gidan Zu da motoci masu baƙin gilashi. Waɗannan ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A unguwa irin Zawaciki mai cin abinci da kiɗa shi ne mai kalangu da yaransa biyu ko uku, da 'yan amshi, da maroƙin da ke kirari yana tara kuɗin liƙi. Akwai mata masu kiɗan ƙwarya da amada waɗanda ba sa fita fili, cikin gida suke wasa ranar wuni ko ranar suna. Akwai saurayin da ya tara kuɗi ya sayi lasifika biyu da kwamfuta tsohuwa yana dije, da mai gabatarwa, da mai fiyano wanda ke haɗa wa amarya da ango waƙar da za a ambaci sunayen danginsu a ciki. Bayansu kuma ga mai hayar rumfa da kujeru, da mai kura da ke ɗauko su, da mai hoto, da mai ƙunshi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da albashi. Kuɗin goro da ake ba makaɗi kafin biki bai taka kara ya karya ba, abin da ake dogara da shi liƙi ne, kuma liƙi sai mutum ya tsaya a gaban mutum. Ba a liƙi daga nesa, shi kuwa likita nesa ya ce a yi da juna.

Kuɗin liƙin nan daga ina yake fitowa? A wannan yanki na Kumbotso, kaso mai yawa daga ƙofar kamfani yake fitowa. Mazauna Zawaciki da Panshekara da Gaida da yawa a masana'antun Challawa da Sharada suke aiki, wasu har Bompai suke zuwa: kamfanonin jimar fata, na robobi da tabarmi da takalma, na sabulu da man gyaɗa da alawa. Da yawansu ma'aikatan wucin gadi ne, ranar da aka yi aiki ita ake biya. Lebura ya karɓi kuɗin mako ranar Asabar, ya ba matarsa na anko da na gudunmawa, ita kuma ta canza ɗari biyar zuwa 'yan hamsin-hamsin ta je ta liƙa wa mai ƙwarya. Ta haka kuɗin da aka samu a bakin injin yake isa hannun makaɗi. Alaƙar ma ta girmi kamfanonin, domin kalangu tun asali kiɗan mahauta ne, kuma fatar da ake ɗaure shi da ita da wadda ake jemewa a Challawa a fitar waje duk daga mayanka suke fitowa. Da kulle ya zo, an bar masu sarrafa abinci su ci gaba da aiki, sauran suka tsaya ko suka rage hannu. Wannan ya sa makaɗi ya sha duka biyu. Na farko doka ta hana shi wasa. Na biyu, ko bayan an buɗe gari, aljihun masu yi masa liƙi ya riga ya bushe. A watanni ukun Afrilu zuwa Yuni na 2020 tattalin arzikin Najeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari, kuma mutumin da ke neman kwanon masara ba ya kiran mai kalangu.

Sai a duba kalandar da ta salwanta. Bukukuwan ƙarshen Sha'aban sun tafi. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, dama wata ne da makaɗa suke hutawa suna cin abin da suka tara, sai dai bana ba su tara ba. Tashe, wanda ke farawa goma ga wata, ya faɗo tsakiyar kulle. Ƙaramar Sallah ta zo 24 ga Mayu, an bari an yi Idi amma ba a yi hawa ba, haka ma a Babbar Sallah ƙarshen Yuli. Sarki Aminu Ado Bayero ya hau karaga a watan Maris ɗin shekarar, ke nan Sallolinsa biyu na farko sun wuce ba Hawan Daushe ba Hawan Nasarawa. Wanda bai san fada ba zai ɗauka wannan asarar kallo ce kawai. Ga masu kakaki da algaita da tambari da jauje, da makaɗan da ke bin tawagar kowane hakimi, ranakun hawa ne ake samun riga da kuɗi da hatsin da za su kai mutum watanni. Waɗanda kuma suka saba tsallakawa Maraɗi da Damagaram da Agadas wasan Sallah sun tarar da iyaka a garƙame, ba a buɗe ta Maigatari da Illela ba sai tsakiyar Disamba.

A cikin wannan kullen ne waƙar Hamisu Breaker ta Jaruma ta cika gari, mata suna rawa a gaban mazajensu a falo suna ɗorawa a intanet. A shekarar ne kuma shirin Izzar So ya kafu a YouTube, shirin Labarina ya fara a Arewa24. Wasu sun kalli wannan suka ce ai masana'antar ta sami mafita da kanta. Ta samu, amma ga wa? Ga mai suna, mai kyamara, mai kuɗin data, mai asusun da kuɗin talla zai iya shigowa. Tsohuwar da ke kiɗan ƙwarya a Gaida ba ta da tasha. Ko matashin mawaƙin da waƙarsa ta shiga wayoyi dubu ta hannun masu turawa a kasuwar waya ta Farm Centre, sau da yawa abin da yake samu suna ne, sunan kuma shi ke kawo masa gayyatar biki, bikin kuma shi aka hana. Tun da kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, waƙa ta zama talla, biki ya zama kasuwa. Kuɗin haƙƙin mallaka da ya kamata ya riƙe mawaƙi a irin wannan rana bai taɓa zama abin dogaro a Arewa ba, kuma a lokacin ƙungiyoyin da ke karɓar sa a ƙasa suna cikin rikici, tun da Hukumar Haƙƙin Mallaka ta dakatar da lasisin ɗaya daga cikinsu, COSON, a 2018.

To, me gwamnati ta yi? Ba daidai ba ne a ce ba ta yi komai ba. A watan Maris na 2020 Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance ta bankin NIRSAL, magidanci zai iya samun har miliyan 3, ƙaramin kamfani har miliyan 25, da ruwa kashi 5 cikin ɗari na ɗan lokaci. Tun 2019 kuma akwai wani shirin rance na Babban Bankin musamman don masu fim da waƙa da ɗinki da fasahar kwamfuta. A watan Mayu Ministan Yaɗa Labarai da Al'adu, Lai Mohammed, ya kafa kwamitin duba halin da masu fasaha za su shiga, ƙarƙashin ɗan wasan barkwanci Ali Baba, kuma an sa mawaƙi Ali Jita da Hajiya Sa'a Ibrahim ta gidan talabijin na ARTV a ciki. Kwamitin ya miƙa rahoto, a watan Agusta aka kafa wani kwamitin na aiwatarwa ƙarƙashin Segun Runsewe. A watan Yuni gwamnati ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 wanda Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya jagoranta, a cikinsa akwai asusun ƙananan sana'o'i na biliyan 75 da aka kira Survival Fund.

A takarda wannan ba kaɗan ba ne. Amma a ɗauki mai kalangun Zawaciki a bi da shi ƙofa-ƙofa a gani. Ƙofar farko rance ce. Mutumin da aka hana shi aiki, bai san ranar da za a bar shi ya koma ba, da me zai yi alkawarin biya? Rance na wanda ke da ciniki ne yana son faɗaɗawa. Ga kuma maganar ruwa, wadda a Kano ba ƙaramar magana ba ce, mutane da yawa sun ja da baya saboda ita kafin daga baya a fito da tsarin da babu ruwa. Ƙofa ta biyu ita ce tallafin albashi, inda gwamnati ke biyan ma'aikatan kamfani naira dubu 30 zuwa 50 na wata uku. Wannan kyauta ce, ba bashi ba, amma sai kamfani yana da rajistar CAC, da takardar albashi da ake iya tantancewa, da lambar BVN ta kowane ma'aikaci. Wannan riga ce da aka ɗinka daidai jikin makarantar kuɗi ko otal ko ƙaramar masana'anta a Sharada. Ƙungiyar makaɗa ba ta da takardar albashi. Bayan wasa ake zazzage buhu a tabarma, uban kiɗa ya ɗauki nasa, ya raba wa yara gwargwadon matsayinsu, ba a rubuta komai. Ƙofa ta uku ce ta fi kusa da shi: naira dubu 30 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da masu sufuri mutum 333,000 a faɗin ƙasa. In aka raba wa jihohi 36 da Abuja, kowace ta tashi da kusan mutum 9,000. A jiha mai yawan Kano, teloli da kafintoci da kanikawa da masu aski da 'yan Adaidaita Sahu kaɗai sun ninka wannan adadi sau da yawa. Dubu 30 ɗin kuma, a lokacin, mafi ƙarancin albashi ne na wata ɗaya.

Sannan ga lokaci. An kulle Kano 16 ga Afrilu. Ba a buɗe shafin neman Survival Fund ba sai 21 ga Satumba, wata biyar da 'yan kwanaki ke nan. A tsakanin nan mai dije ya riga ya sayar da lasifikarsa da rabin kuɗinta, mai fiyano ya ba da kayansa jingina, yaron kiɗa ya koma dakon kaya a kasuwar Dawanau ko ta Singa. Yunwa ba ta jiran kwamitin aiwatarwa.

A matakin jiha, abin da ya fito fili kayan abinci ne. An kafa kwamitin tara gudunmawa ƙarƙashin Farfesa Muhammad Yahuza Bello, shugaban Jami'ar Bayero na lokacin, attajirai da kamfanoni suka bayar, aka raba gida-gida ta mazaɓu. Makaɗin da ya samu, a matsayin talakan unguwa ya samu, babu ruwan rabon da sana'arsa. A nan ne abin ya fi tsaya mini a rai. Kano na cikin jihohin da suka fi kowace sanin mawaƙansu. Tun 2001 take da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda ke buƙatar mawaƙi ya yi rajista, ya kawo waƙa a duba kafin ya saki, wadda kuma ke sa ido kan gidajen kallo da wuraren wasanni. Wato akwai suna, akwai adireshi, akwai hoto, akwai rasit. Littafin da ake buɗewa a gano wanda ya saki waƙa ba izini, shi ne littafin da ya kamata a buɗe a tura wa mutum abin cefane ranar da aka ce kada ya fita. Hukumar da ta san ka lokacin hani da lokacin karɓar kuɗin rajista, wajibi ne ta san ka lokacin rabo. Wannan shi ne ginshiƙin abin da nake son faɗa.

Me ya sa hakan bai zo wa kowa a rai da sauri ba? Ina ganin amsar tana cikin yadda muka daɗe muna kallon makaɗi. A ƙasar Hausa makaɗi mutumin wani ne. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Sarkin Taushi na Sarkin Katsina. Manoma da maƙera da mahauta da 'yan dambe kowa da makaɗinsa. Ko Mamman Shata da Ɗanƙwairo, da suka fi ƙarfin gida ɗaya, da kyautar masu mulki da masu dukiya suka rayu. Tsarin yana da kyansa, domin ubangida na ƙwarai ba ya barin makaɗinsa ya kwana da yunwa ko a shekarar fari. Amma abin da ke hannun makaɗi a tsarin kyauta ce, kyauta kuwa ba a bin ta bashi. Gwamnatocinmu na zamani sun gaji rigar ubangida ba tare da sun gaji nauyinta ba. Suna kiran mawaƙi lokacin kamfe, suna kiran sa in ana son jama'a su karɓi rigakafi ko su yi rajistar zaɓe, kamar yadda aka yi da su Shata da Ɗanmaraya Jos a zamanin canjin kuɗi da canjin hannun tuƙi. A lokacin korona ma an ji waƙoƙin wanke hannu da sa takunkumi a rediyo. Wanda aka ba wannan aiki ya samu, kuma halal ɗinsa ne. Sai dai aiki ne da ake ba wanda aka sani, wanda muryarsa ta riga ta yi nisa. Tallafi na gaskiya shi ne wanda zai isa ga wanda ba shi da kowa a gidan gwamnati.

Wasu ƙasashe sun yi abin da ya kamata a duba, ba don muna da kuɗinsu ba. Birtaniya ta ware fam biliyan 1.57 a Yulin 2020 don gidajen wasa da na tarihi da na kiɗa. Jamus ta fara da yuro biliyan 1. Amurka ta amince da dala biliyan 15 ga wuraren wasan da aka rufe a Disambar shekarar. Wanda ya fi jan hankalina na Faransa ne. A can mawaƙi ko ma'aikacin dandali da ya yi aikin sa'o'i 507 a shekara yana da haƙƙin alawus a ranakun da ba aiki, tsari ne da ya daɗe. Da annoba ta zo, Shugaba Macron bai kafa sabon asusu ya ce a zo a cika fom ba, sai ya tsawaita wa'adin haƙƙin har ƙarshen Agustan 2021. An iya yin haka cikin sauri saboda an riga an ƙirga mutanen tun kafin masifa. A nahiyarmu ma Afirka ta Kudu ta ware rand miliyan 150 ga masu fasaha da 'yan wasanni, Kenya ta ware shilin miliyan 100 ga masu fasaha. An yi ƙorafi a kan rabon a ƙasashen biyu, amma akalla an ambaci sana'ar da sunanta, an sa mata adadi.

Maganar wuraren wasa ta ɗan bambanta, kuma a nan ina da ra'ayi biyu a zuciya. Kano ba ta da irin ƙananan gidajen kiɗan da Turawa suka yi ta kukan kada su mutu. Tsofaffin silimu irin su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, inda a da ake gala da wasan Sallah, yawancinsu sun daɗe da barin aikin. Abin da ya maye gurbinsu gidajen biki ne na haya, da filayen otal, da gidajen kallon ƙwallo, da gidan dambe, sai kuma titin ƙofar gida wanda har gobe shi ne babban dandalin talaka. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda ake manyan taruka, a lokacin ya koma wurin killace marasa lafiya. Su gidajen biki su aka fara rufewa, su aka buɗe a ƙarshe, sannan a Janairun 2021 da cutar ta dawo aka sake rufe su tare da gidajen kallo. Masu manyan gidajen biki a Nasarawa da titin Gidan Zu ba talakawa ba ne, ban kuma ga dalilin da za a ɗebi kuɗin jama'a a danƙa musu ba. Amma ginin ba shi kaɗai ba ne. Akwai masu gadi, masu shara, masu jera kujeru, mai kula da janareta, kuma su ne aka fara sallama. Abin da ya dace da mai gini shi ne a yafe masa harajin watannin da gwamnati da kanta ta sa kwaɗo a ƙofarsa, da kuɗin sabunta lasisi, da sharaɗin ya riƙe ma'aikatansa. Shi kuwa mai gidan kallo a Panshekara, wanda jarinsa talabijin biyu ne da benci goma da kuɗin tauraron da ya riga ya biya, ajinsa ɗaya da mai kalangu.

Na san abin da za a ce, domin na ji ana faɗa. Mutane na mutuwa, asibiti babu kayan kariya, wurin gwaji ɗaya tak na Asibitin Malam Aminu Kano ma sai da ya tsaya na wasu kwanaki, sai a ɗauki kuɗi a ba makaɗa? In zaɓin tsakanin iskar numfashi ne da kalangu, ni ma iskar zan zaɓa. Sai dai ba kalangu za a ciyar ba, 'ya'yan mai kalangu ne, kuma cikinsu bai bambanta da na 'ya'yan tela ba. Abin da ya bambanta shi ne tela ya koma kan kekensa ranar da aka buɗe kasuwa, makaɗi kuwa ya ci gaba da zama. Wasu kuma za su ce kiɗa ba abin da gwamnatin Musulmi za ta tallafa ba ne. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin kiɗa da iyakokinsa, ba ni da matsayin raba musu gardama. Mun ga ƙarfin wannan ra'ayi a 2016, lokacin da aka janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta Bebeji bayan malamai sun yi suka. Wannan tsoron, a ganina, yana cikin abin da ke sa ɗan siyasar Kano ya gwammace ya ba mawaƙi mota a ɓoye da ya sa layin tallafin makaɗa a kasafi. Amma gwamnatin da ta yi wa sana'a rajista, ta karɓi kuɗinta, ta ba ta lasisi, ta riga ta amince halastacciya ce a dokarta. Ba za ta ci kuɗin rajistar ba sannan ta ce kunya ta hana ta ambaton sunan. Kuma ban san wani malami da ya ce a bar maƙwabci da yunwa don yana buga ƙwarya ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na maguɗi: da zarar an ce akwai kuɗin mawaƙa, kowa zai zama mawaƙi, jerin kuma zai cika da yaran 'yan siyasa. Wannan gaskiya ne, kuma rumbunan kayan tallafin da jama'a suka fasa a jihohi da dama a Oktoban 2020 sun nuna yadda amana ta lalace tsakanin mai rabo da mai jira. Maganinsa a yi jerin tun babu kuɗi a kan tebur. Makaɗan gargajiya suna da shugabanninsu, kowace gunduma akwai sarkin kiɗa ko babban da ake jin maganarsa, mai unguwar Zawaciki kuma ya san gidan da ake kiɗa tun kakanni. Mawaƙan zamani suna da ƙungiyoyinsu, 'yan fim suna da MOPPAN. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa tana da masaniyar wane gari ke da masu kukuma, wane ke da masu garaya. Ko tallafin dubu 30 na masu sana'ar hannu ta ƙungiyoyinsu aka bi, abin da ya nuna hanyar tana biyuwa.

Akwai kuma hanyar da ba sadaka ba ce sam. A lokacin kulle kowa yana gida, kunne a rediyo. Gidan Rediyon Kano da ARTV na jiha ne, Freedom Radio kuma a cikin Sharada take, tafiyar 'yan mintuna daga Zawaciki. Da jiha ta sayi sa'a ɗaya kullum, ta riƙa ɗauko ƙungiya ɗaya, mutum huɗu ko biyar da tazara a tsakaninsu, su yi wasa a biya su, da cikin kwana saba'in da 'yan kai na kullen ɗaruruwan gidaje sun sami abin sawa a baka ta hanyar guminsu. Da kuma an tashi da taskar sauti wadda ba mu da irinta. Barmani Choge ta rasu a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma ana iya ƙirga waɗanda suka gaje su da yatsu. Kiɗan hannu ba a koyon sa a littafi. Yaro ne ke bin ubansa ko maigidansa shekara da shekaru yana riƙe kanzagi kafin a ba shi babban kalangu. In ya bar layin wata shida ya kama Adaidaita Sahu, ya ga kuɗin da ke shigowa kullum, da wuya ya dawo.

Abubuwa sun motsa daga baya. A Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a nan Zawaciki, manyan motoci suka ƙaru a hanyar Panshekara. A shekarar aka sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, aka kuma kafa ma'aikatar fasaha da al'adu ta tarayya ƙarƙashin Hannatu Musawa. A Janairun 2024 Ali Nuhu ya zama shugaban Hukumar Fina-finai ta Ƙasa. A Disambar 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma babu hawa in babu mai busa kakaki da mai dukan tambari. Yanzu da 'yan Arewa ke zaune a waɗannan kujeru, aikin farko da nake roƙon su da gwamnatin jiha ba ya buƙatar biliyan. A fito da fom na shafi ɗaya, da Hausa, da boko da ajami, a kai shi ƙananan hukumomi 44 ta hannun masu unguwanni da sarakunan kiɗa, kyauta, ba kuɗin rajista. A tura mata su shiga gidaje su rubuta masu ƙwarya da amada, tun da ba za su zo sakatariya su bi layi ba. A ƙarƙashin sunan kowane uban kiɗa kuma a bar layi shida ko bakwai, na 'yan amshi da mai kanzagi da maroƙi da yaron da ke ɗaukar kaya, kowa da lambar wayarsa.